Kwalbar da Tsabtarta Ta Yi Yawa

Shekara ashirin da uku Gwaggo tana wanke kwalabe a hawa na biyu na ginin bincike, ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba sai guda biyu, su ɗin ma da tsagewarsu suka iso hannunta. Sai ga shi wata Litinin da hantsi an kira ta ofis, an miƙa mata takarda, an ce ta ajiye mabuɗin ɗakin wanki.

"Karanta min," ta ce wa Mai Takardu, magatakardan sashen, wani siririn mutum da bai iya kallon idon mutane ba sai kallon fayil. "Ka san ban yi makaranta ba. Da na yi, da ni ce a kujerar nan."

Ya karanta yana sunkuye. An dakatar da ita zuwa ranar Alhamis. Ranar kwamiti zai zauna ya ga ko sallamarta za a yi gaba ɗaya, saboda ta wanke aikin wata bakwai.

"Aikin wa?"

"Na Saura Kiris."

Saura Kiris ɗalibi ne mai neman digirin dakta, magidanci da 'ya'ya biyu, har sanƙo ya fara leƙo masa. Shekara shida duk wanda ya tambaye shi yaushe zai gama, amsarsa ɗaya ce, har amsar ta cinye sunansa.

Aikin da suke yi a wurin kuwa, Gwaggo ta san shi kamar yadda mai shara ya san gidan da yake sharewa. Akwai wani yashi da suke sayowa, fari, mai laushi kamar gari. A jikin kowace ƙwayar yashin suke ƙulla wani zare da ido ba ya gani, guntu bayan guntu, kamar mai jera duwatsun wuya: a zuba wannan ruwa, a girgiza, a tace, a wanke, a zuba wancan. Su suna ce wa zaren feftayid. Gwaggo ta gwada kiran sunan sau ɗaya, haƙorinta na gaba ya nemi fita, ta koma cewa zare. In zaren ya kai tsawon da ake so, sai a rataya masa wani rini a baki, rawaya a ido, amma in aka haska masa shuɗiyar fitila sai ya kama walƙiya kore shar. Daga nan sai ranar yanka: a zuba asid mai ƙarfi ya tsinke zaren daga jikin yashin, a tace, a busar da ruwan a kwalba, a zubar da yashin. Abin da ya rage a gindin kwalbar, wanda bai kai ƙurar da ke kan farce ba, shi ake kai wa Dakta a hawa na uku. Ita ke kiwon ƙwayoyin jikin ɗan Adam a faranti. Wai a fatar kowace ƙwaya akwai ƙofofi, zaren kuma an ƙera shi daidai ƙofa guda kamar mabuɗi, duk inda ya maƙale wurin zai yi haske, a gane ƙwayar da ke ɗauke da ciwo.

Kuma rinin nan ba ya son haske. Wannan kam tun ranar da ta fara aiki ake dakan kunnenta da shi. Duk kwalbar da aka naɗe da takardar alminiyam, Gwaggo ko inuwarta ba ta bari ta faɗa kai.

Ba ta ajiye mabuɗin ba sai da Mai Takardu ya roƙe ta sau uku. Ta dangwara shi a teburin, ta nufi ɗakin gwaji da takardar a hannu, silifas ɗinta na ba da sanarwa tun daga tsani.

Ta tarar da su sun yi da'ira kamar ana zaman makoki. Saura Kiris na tsakiya, hanci ya yi ja da mura, yana riƙe da wata kwalba mai zagayen gindi da hannu biyu. Farfesa, shugaban sashen, na tsaye ya goya hannu a baya.

"Wanne ne a cikinku ya ce na taɓa masa kaya?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri," in ji Saura Kiris yana jan majina. "Ranar Juma'a na yi yanka. Na busar, na naɗe tun kafin in kunna fitilar ɗaki, na sa a firij. Yau na warware. Duba. Duba fa!"

Ta duba. Kwalbar na sheƙi, ko ɗigon tabo babu.

"To, ka gan ni na buɗe firij?"

"Ban gan ki ba."

"Wani ya gan ni?"

Farfesa ya gyara murya. Mutum ne da ba ya yarda da komai sai da hujja, ko gaisuwa ka yi masa sai ya duba agogo ya tabbatar safiya ce. Ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta wajen taga.

"Gwaggo, na yi aiki a gine-gine huɗu. Ban taɓa ganin gilashi mai tsabta irin wannan ba sai wanda ya fito daga hannunki. A ginin nan kaf babu mai iya wanke kwalba haka. Hujja ke nan."

Gwaggo ta kalle shi sama da ƙasa. Shekara ashirin da uku tana jiran mutumin nan ya yaba aikinta, ashe ya tanadi yabon ne don ranar da zai kore ta da shi.

"Wato laifina na iya aikina."

"Ba haka nake nufi ba..."

"Da ƙazama ce ni da yanzu ina da mabuɗi. Madalla. Allah ya ƙara ilimi."

Kafin ta kai tsani har an manna wata takarda a ƙofar ɗakin gwajin. Ta tare wata ɗaliba ta sa ta karanta mata. Wai daga yau ba a yarda masu wanki su shiga ba sai da rakiya. Masu wanki! Ita kaɗai ce mai wanki a ginin. Da sun rubuta sunanta kawai da sun rage wa kansu tawada.

A gida kuwa, maigidanta ne ya sha. Tsohon direba ne da ya ajiye tuƙi saboda gwiwa, yanzu aikinsa zama a tabarma da rediyo a kunne. Kwana biyu Gwaggo tana wanke duk abin da ke wankuwa a gidan. Ta wanke kwanuka, ta sake wankewa, ta wanke murfin rediyon, ta ƙwace kofin shayin da ke hannunsa bai gama sha ba.

"Ke, ki yi haƙuri mana. Ki je ki ba su haƙuri, a wuce wurin."

"In ba su haƙurin me? In ce ku yafe min ban yi ba?"

"Manya ne."

"Ni ce na goge majinar rabinsu lokacin da suka zo suna kuka gwaji ya lalace. Manya!"

Ranar Laraba da yamma yana shafa man zafi a gwiwa ya ce, "Ni abin da ya ba ni mamaki, ranar Juma'ar nan lafiya lau kika dawo. Har kika tambaye ni ya ƙafa."

"To, laifi ne?"

"A'a. Amma kin ce ranar suka yi yankan nan nasu. Ni kuwa na san ranar yanka tun kina bakin layi. Ido jajawur, kina tari, kina tsine wa sashen tun daga Farfesa har mai gadi. Sai in kashe rediyo in yi kamar barci nake. Ranar Juma'a ko atishawa ba ki yi ba."

Gwaggo ta tsaya da soso a hannu, kumfa na ɗiga a ƙafarta.

Gaskiyarsa ne. Asid ɗin yanka hayaƙi yake yi. Ko a cikin akwatin zuƙar iska aka buɗe shi sai warinsa ya bi kayan da aka yi aiki da su har ɗakin wanki ya kama ta a maƙogwaro. Ranar Juma'a Saura Kiris ya zo ya jefa mata matacinsa a wurin wanki da yashin a ciki, kamar yadda ya saba, ko sannu babu. Ta ɗauka, ba ta yi tari ba. Kuma yashin...

"Tsoho," ta ce, "ashe kana da amfani."

"Yau kuma?"

"Sha shayinka." Ta mayar masa da kofin, wankakke, babu komai a ciki.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna a ɗakin taro: Farfesa a tsakiya, Dakta a dama, Mai Takardu a hagu da biro. Saura Kiris na gefe da hankici. An ajiye kwalbar a kan tebur kamar gawa. Aka nuna wa Gwaggo kujera, ta ƙi zama.

"Tambaya ɗaya gare ni," ta ce. "Kafin ka zuba abinka a kwalbar nan, wa ya wanke ta?"

"Ke mana," in ji Saura Kiris.

"To, wankina ne kuke gani. Na ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Tun ranar babu abin da ya shiga cikinta sai ruwan banza, shi ma ya bushe."

Wani ɗan murmushi ya zagaya teburin. Farfesa ya cire tabarau.

"Gwaggo, wannan magana ce ta kimiyya. Ina hujja?"

"Na gode da ka tambaya. Ku tashi."

"Mu tashi?"

"Ku tashi ku biyo ni. Kai kuma, Mai Takardu, ɗauko mabuɗina."

Ba wanda ya san dalilin da ya sa suka tashi, amma sun tashi. Ta shige gaba suna biye a jere, ɗalibai na leƙowa daga ƙofofi. A bakin ɗakin wanki Mai Takardu ya sa mabuɗi ya yi ta murɗawa, ƙofa ta ƙi.

"Sai ka ɗaga ta da gwiwa. Kawo nan." Ta karɓa, ta buɗe, ta jefa mabuɗin a aljihun rigarta. Mai Takardu ya kalli aljihun, ya kalli fuskarta, ya koma kallon fayil.

Ta durƙusa ta buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin famfo. Gwangwanayen madara ne a jere, sahu-sahu, sun fi arba'in, kowanne da murfi, kowanne an ɗaure masa tsumma a wuya.

"Mene ne wannan?" in ji Dakta.

"Hujja. Shekara biyu da suka wuce na je wurin wannan bawan Allah, Farfesa, sau uku, na ce yaranka suna jefo min mataci da yashi a ciki, yashin na toshe min bututu, ni ke kwanciya a ƙasa da tsufana ina zaƙulowa. Ya ce ina hujja. To, tun ranar duk wanda ya jefo min yashi, na juye a gwangwani na ɗaura masa tsummansa. Ban iya rubutu ba, amma na san launi. Shuɗi na Saura Kiris ne."

Ta jawo shuɗaye guda biyar ta jera a kan teburin wanki, ta buɗe huɗu. Yashi ne a ciki, ya koɗe, ya yi fari-fari kamar tsohuwar toka.

"Wannan yashin da ya sauke kayansa ke nan. Haka yake zuwar min kullum, da wari kamar zai cire min hanci. Wannan kuma na ranar Juma'a." Ta ɗaga murfin na biyar kaɗan, ta mayar da sauri. Amma sun gani. Rawaya ne kamar gwaiduwar ƙwai.

Duk suka zuba wa gwangwanin ido, famfo na ta ɗiga.

Dakta ce ta fara magana, a hankali. "Wace kwalbar asid ka ɗauka ranar Juma'a?"

"Ta kan tebur, ta hannun dama..."

"Ta dama mai sanyin ce, wadda aka surka. Mai ƙarfin tana hagu. Ba ka ji babu wari ba?"

Saura Kiris ya taɓa jan hancinsa. Sati guda ke nan ko warin takalminsa ba ya ji.

"Wato bai yanku ba," in ji Farfesa. "Zaren na nan a jikin yashin. Kuma a cikin duhu ya kwana shida. Wata bakwai na nan a cikin gwangwanin madara!"

Saura Kiris ya miƙo hannu biyu. "Gwaggo! Uwata! Kawo..."

Gwaggo ta ja da baya. Ɗakin wankin na da taga ɗaya, rana kuwa ta faɗo ta cikinta ta kwanta a kan teburin wanki, fau. Ta je ta tsaya a tsakiyar hasken, gwangwani a hannun hagu, yatsun dama a kan murfi.

"Uwarka? Ranar Litinin ai mai wanki ce ni."

"Gwaggo, matso daga rana," in ji Farfesa. "Don Allah. Rinin ba ya son..."

"Ni za ka gaya wa? Shekara ashirin da uku kuna gaya min. Yau sai in gani da idona ko gaskiya ne. Ai kai ka ce komai sai da hujja." Ta ɗan motsa murfin, ya yi ƙara.

Mutum huɗu suka yi ihu tare, har Mai Takardu da bai san me ke cikin gwangwanin ba.

"Me kike so?" in ji Dakta. Gwaggo ta lura tana danne dariya.

"Na farko, takardar da ke ƙofar can. Wanda ya manna ya je ya ɓanɓare, kuma kada ya bar min danƙo a jikin ƙofa, ni ke gogewa."

Mai Takardu ya fita da gudu.

"Na biyu, a gaban mutane aka ce na yi ɓarna. A gaban mutane za a ce ban yi ba. Ba a ofis ba, ba a takarda ba, tunda an san ba na karantawa. A baranda, da murya."

Saura Kiris ya fita baranda. Ɗalibai sun riga sun cika ta.

"Gwaggo ba ta wanke min aiki ba," ya ce.

"Ban ji ba. Famfo na zuba."

"Gwaggo ba ta wanke min aiki ba! Ni na ɗauki asid ɗin da ba shi ba!"

"Saura shugaba."

Farfesa ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara wuyan riga, ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda ko a kimiyya akan kai ga kuskure in bayanai ba su cika ba. Gwaggo ta sake motsa murfin.

"Na yi kuskure!" ya ce da sauri. "Ki yafe min."

"Na uku, bututu."

"Za a kira mai gyara."

"Ba mai gyara ya toshe shi ba. Kowa ya zo ya ɗauki gwangwaninsa ya zubar inda ake zubarwa, kuma daga yau wanda ya jefo min yashi shi zai kwanta a ƙasa."

Dakta ta leƙa kabad ɗin. "Wannan jan tsumman fa? Ya fi na kowa yawa. Sha bakwai na ƙirga."

Gwaggo ta kalli Farfesa. Farfesa ya kalli silin.

Sai a lokacin ta fito daga rana. Ta yago takardar alminiyam, ta naɗe gwangwanin da kyau har gindi, ta ɗora a hannun Saura Kiris.

"Ta hagu," ta ce.

Da azahar aka sake yanka. Ba a jima ba warin ya biyo baranda ya shigo ɗakin wanki ya shaƙe ta. Ta yi tari har da hawaye, ta tsine wa asid da wanda ya ƙirƙiro shi, ranta fes. Da yamma Saura Kiris ya kawo matacinsa da kansa, ya riga ya juye yashin, ya ajiye a baho kamar mai ajiye ƙwai. Ta tsoma shi a ruwan sabulu, ruwan ya ɗauki kore-kore mai sheƙi. Ta ɗaga bahon ta nuna masa.

"Ka gani? Haka abin da ya taɓa zare yake yi. Da kun tambaye ni tun ranar Litinin."

Bayan sati biyu Dakta ta sauko da kanta ta ce Gwaggo ta zo hawa na uku. Shekara ashirin da uku ba ta taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin ba, kwanduna kawai ake miƙo mata. Aka kashe fitila, aka zaunar da ita gaban madubin da ke ƙara girman abu, aka ce ta sa ido.

Da farko duhu ta gani. Sai ga su: zobba-zobba kore, kowanne na haske a gefensa kamar an zagaye shi da zaren wuta, wasu a cunkushe, wasu a warwatse, a tsakaninsu kuma wasu duhu da ba su kama ba.

"Masu hasken su ne masu ƙofar," in ji Dakta. "Ya maƙale, Gwaggo. Ya yi aiki."

Gwaggo ta daɗe ba ta ɗago ba. Ashe abin da take wanke wa kwalabe ke nan tun gashinta na baƙi. Saura Kiris na tsaye a baya yana jiran ta ce wani abu, Farfesa ma ya shigo ya tsaya.

Ta ɗago, ta goge ido da gefen mayafi, ta nuna ɗan gilashin da ke ƙarƙashin madubin.

"Akwai shatin yatsa a gefen hagu. Wa ya wanke wannan?"

Kowa ya kalli na kusa da shi.

"Na san ba ni ba ce," ta ce. Ta miƙe, ta laluba aljihu ta ji mabuɗinta na nan. "Farfesa, gwangwani sha ɗaya ka kwashe. Saura shida."